Yadda Ake Kare Mara Lafiya Daga Gudan Jini a Gadon Asibiti: Jagora ga Masu Jinya

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonnin masu karatu: an kwantar mana da mutum a asibiti, me za mu yi kada jini ya daskare masa a jijiya? Wasu kuma likita ya rubuta musu wata allura mai tsada ta hana jini daskarewa da ake yi a fatar ciki, suna so su ji ko dole ce.

Idan mutum ya daɗe kwance, jinin da ke manyan jijiyoyin sharaɓa da cinya yana rage gudu, ciwo da tiyata da ƙarancin ruwa kuma suna sa ya yi saurin daskarewa. Gudan da ya taru a ƙafa yana iya ɓallewa, ya bi ta zuciya, ya toshe hanyar jini a huhu. Shi ne mutumin da ake cewa ya samu sauƙi, gobe za a sallame shi, sai ya tashi zuwa banɗaki ya yanke jiki ya faɗi. Likita ne ke rubuta magani, amma a asibitocinmu mai jinya ne ke gefen gado dare da rana, shi ke sayo magani, shi ke ɗaga mara lafiya. Don haka da ku nake magana.

Mataki na 1: Ku tambaya tun ranar da aka ba da gado

Lokacin da likita ke rubuta tarihin ciwo, ku ce masa: "Likita, an duba haɗarin daskarewar jini a ƙafa? Yana buƙatar rigakafi?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Binciken ENDORSE da aka buga a 2008, wanda ya duba marasa lafiya sama da 68,000 a ƙasashe 32, ya gano cewa rabinsu suna cikin haɗari, amma cikin waɗannan kusan 6 cikin 10 na ɓangaren tiyata ne suka samu rigakafin da ya dace, a sauran ɗakuna kuma 4 cikin 10 kacal. Mantuwar ta ko'ina ce, tambayarku tana iya tuna wa likita. A Ingila, ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani, ta ce a fara maganin cikin awa 14 da kwantar da wanda ke buƙatarsa.

Ku faɗa wa likita ko bai tambaya ba: in mara lafiyar ya taɓa samun gudan jini, ko wani a gidansu ya taɓa samu, in yana da ciwon daji, ciwon zuciya, sikila, tarin fuka, ƙanjamau ko ciwon ƙoda mai kumbura jiki, in an yi masa tiyata ko ya karye cikin watan da ya wuce. In mace ce, ku faɗi ko tana da ciki, ko ta haihu cikin mako 6, ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Likitoci suna da ma'aunin maki. Na Padua shi ake amfani da shi ga waɗanda ba tiyata ta kawo su ba, kuma maki 4 zuwa sama babban haɗari ne. Ɗauki dattijo ɗan shekara 72 da aka kwantar saboda namoniya, wanda ba ya barin gado sai in zai zaga, har kwana uku. Rashin motsi maki 3 ne, shekara 70 zuwa sama maki 1, cutar da ke jikinsa maki 1. Ya tashi da 5, alhali babu wanda ya yanka shi. Masu tiyata kuma da ma'aunin Caprini ake auna su.

Gargaɗi: ƙuruciya ba ta kare kowa. Saurayin da ya karye a cinya a haɗarin babur da matar da aka yi wa tiyatar haihuwa suna sahun gaba. Kuma duk lokacin da yanayi ya canza, misali mai yawo da ƙafarsa ya koma kwance, ku sake yin tambayar.

Mataki na 2: A duba haɗarin zubar jini kafin a taɓa allura

Maganin da ke hana jini daskarewa yana iya sa shi zuba, shi ya sa wannan matakin yake gaban na sayen magani. Ku sanar da likita in akwai gyambon ciki, aman jini, baƙin bayan gida, ciwon hanta, haɓo mai yawa, hawan jinin da bai sauka ba, bugu a ka, ko shanyewar ɓarin jiki na kwanan nan. Ku tattaro duk abin da yake sha a gida ku nuna, har da jiƙo da garin magani.

Awo biyu ne ba a tsallake su: awon jini da ke nuna yawan filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da awon aikin ƙoda. In filatilet sun yi ƙasa sosai, ba a ba da allurar. In ƙoda ta yi rauni, ana rage adadin ko a canza magani. A kuma ɗora shi a sikeli in zai iya tsayawa, domin wanda bai kai kilo 50 ba da wanda ya haura 100 ba lallai adadinsu ya zama ɗaya da na sauran mutane ba.

Gargaɗi: kada ku sayo asfirin, diklofenak, ibufurofen ko Feldene a kemis ku ba shi a ɓoye don yana kukan ciwon jiki. Haɗa su da allurar nan yana jawo zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi aminci, shi ma ku faɗa wa nas.

Mataki na 3: Motsi

Wannan kyauta ne, kuma nan aka fi yin sakaci, don tausayi ne ke jawo shi. Mara lafiya ya yunƙura zai tashi, sai a ce "kwanta, kwanta, me kake so a miƙo maka?" Masu dubiya su cika gefen gado, shi kuma ya wuni a miƙe yana amsa sannu. Tsokar sharaɓa kamar famfon tuƙa-tuƙa take: sai an motsa ta take tura jini sama zuwa zuciya.

Ku fara da tambayar likita abin da aka yarda ya yi. Ga wanda ba zai iya sauka daga gado ba, ya riƙa lanƙwasa tafin ƙafa sama zuwa wajen fuskarsa, ya miƙe shi ƙasa, sau 10 zuwa 20 a kowace awa muddin idonsa biyu. Ya juya idon sawu dama da hagu. Ya jawo dunduniya zuwa jikinsa, ya sake miƙewa. In bai da ƙarfi ko ba ya cikin hayyacinsa, ku yi masa da hannunku a hankali, ku kuma juya shi duk bayan awa 2, wanda ke kare shi daga gyambon kwanciya ma.

Wanda aka yarda ya tashi, kada ya miƙe kai tsaye. Ya zauna a bakin gado ƙafafu a ƙasa na 'yan mintuna har jiri ya wuce, sannan ya tsaya yana dafe da mutum, sannan ya taka. Bayan yawancin tiyatar ciki da ta haihuwa, likitoci suna son a tashi cikin kwana ɗaya. Ɗinki ba ya warwarewa don an taka a hankali. In ciwo ne ke hana shi, ku roƙi nas a ba shi maganin ciwo kamar rabin awa kafin a tashe shi. Hanyar da na ga ta fi zama a ran mutane ita ce a ɗaura tafiyar da lokutan salla: kowace salla, a taka zuwa ƙarshen ɗaki a dawo, in ƙarfi ya ƙaru a kai baranda. Robar fitsari da ƙarin ruwa ba sa hana tafiya, ana riƙe su a tafi da su. In asibitin yana da sashen gashi, ku nemi a turo ma'aikacinsu.

Gargaɗi: wuni a kan kujera ƙafafu a rataye ba motsi ba ne. Kada a harɗe ƙafa, kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mai karaya a ƙugu, cinya ko ƙashin baya kuma ba a motsa wurin sai yadda likitan ƙashi ya nuna.

Mataki na 4: Ruwa

Marasa lafiya da yawa, musamman iyaye mata da dattawa, suna rage shan ruwa da gangan don kunyar a kawo musu tasar fitsari. Ku lura da wannan, ku sauƙaƙa musu. Fitsari mai duhu kuma kaɗan alama ce ta ƙarancin ruwa, balle a zafin watan Afrilu ko in akwai zazzaɓi, amai ko gudawa. In watan azumi ne, mara lafiya yana da rangwame, kada ya ɗauka sai ya yi shawara da likitansa.

Gargaɗi: mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade masa ruwa, da wanda aka hana ci da sha saboda tiyata, ba a ƙara musu ko kofi ɗaya sai da izini.

Mataki na 5: Safar matse ƙafa da na'urar iska

Safar asibiti tana matsewa sosai a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa. Ba a sayenta da ƙiyasin ido. Nas ta auna kaurin sharaɓa da tsawon ƙafa da tef, kowace ƙafa daban, sannan ku sayo lambar da ta dace. Ana sa ta dare da rana har mutum ya koma yawo. Kullum a cire ta sau ɗaya, a wanke ƙafa, a shanya, a duba dunduniya da ƙashin idon sawu ko fata ta fara saɓulewa, a mayar ba tare da tattara ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne naɗe bakinta ƙasa saboda zafi. In aka naɗe, ta zama ɗauri mai tare jini. Safar ƙwallo da bandeji kuma ba sa maye gurbinta.

Gargaɗi: ba a sa wa mai ƙarancin jini a ƙafa, mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, mai gyambo, ko wanda ƙafarsa ta kumbura sosai saboda ciwon zuciya. Ba a sa wa mai shanyewar ɓarin jiki ma: binciken CLOTS na 2009 ya nuna ba ta kare su ba, sai raunin fata da ta ƙara. Abin da ke amfanarsu shi ne na'urar da ke hura iska cikin rigar ƙafa tana matsawa tana saki. Ba kowane asibiti ke da ita ba. In an samu, a bar ta a kunne muddin yana kan gado, a tuna a sake kunna ta in wuta ta dawo. Safar tana da santsi a kan simintin asibiti, ya sa takalmi kafin ya taka.

Mataki na 6: Allura

Wadda aka fi rubutawa ita ce enoksafarin, da aka fi sani da Clexane, yawanci miligiram 40 sau ɗaya a rana a ƙarƙashin fata. Tana zuwa a cikin sirinjinta. Ta biyu ita ce hefarin ta asali, yunit 5,000 sau biyu ko uku a rana, kuma ita aka fi zaɓa in ƙoda ta yi rauni sosai. Bayan tiyatar canza ƙugu ko gwiwa akan ba da ƙwaya, Xarelto ko Eliquis. Mai ciki da mai shayarwa ba a ba su waɗannan ƙwayoyin, mai ciki ba a ba ta warfarin, wata ƙwayar hana jini daskarewa, ita ma, amma allurar tana da aminci gare su duka. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa, domin rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko. Ku tambayi likita kwana nawa za a yi, ku lissafa: kwana 10 sirinji 10 ne, kwana 28 sirinji 28. Ku tambayi farashi a kantin maganin asibiti da wani amintaccen kanti a waje, ku tambaya ko akwai enoksafarin na wani kamfani mai rajistar NAFDAC, don sau da yawa ya fi sauƙi. Mai inshorar NHIA ko ta jiha ya tambaya ko tana ɗauka. In kuɗin ya fi ƙarfinku, ku faɗa wa likita ƙarara. Kwalbar hefarin mai yunit 25,000 tana ba da allura biyar, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ke ɓata min rai shi ne a sayi sirinji uku, su ƙare, a yi shiru saboda kunya, likita yana zaton ana yi. Haka raba sirinji ɗaya kwana biyu, ko yin yau a tsallake gobe. Duk wannan kashe kuɗi ne ba tare da samun kariyar ba. Kada kuma ku musanya allurar da asfirin da kanku.

Gargaɗi: kwalaben hefarin ba ƙarfinsu ɗaya ba, akwai mai yunit 1,000 a kowace mililita, akwai mai 5,000. Nas ce ke zuƙo ta, ku dai ku kai mata da kwalinta. Clexane kuma ba a ajiye ta a zafin da ya wuce digiri 25, ba a daskarar da ita. Kada a bar ta a cikin mota ko bakin taga.

Ga yadda ake yin mai sirinji, don za ku iya buƙatar yi a gida. A wanke hannu. Mara lafiya ya kwanta ko ya kishingiɗa. A zaɓi gefen ciki, aƙalla santimita 5 daga cibiya, nesa da ɗinki ko tabo. A tsunkulo fata da babban yatsa da manuni, a soka allurar gaba ɗaya a tsaye, a tura maganin a hankali fatar tana riƙe, a zare, sannan a saki. Ƙwayar iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da ita. Ba a murza wurin, murzawa ce ke sa jini ya kwanta. Yau dama, gobe hagu, kuma kullum a lokaci ɗaya. Ku rubuta lokacin kowace allura a takarda.

Wannan takardar za ta yi amfani ranar tiyata. In za a yi allurar kashe jiki ta baya, sai an samu aƙalla awa 12 daga Clexane ta ƙarshe, kuma ba a yin ta gaba sai aƙalla awa 4 bayan an gama, yawanci ma likitan tiyata yakan jira awa 6 zuwa 12 ya ga jini ya tsaya. Mai cikin da ke kan allurar, da ta ji naƙuda ko ta ga jini, kada ta yi ta gaba. Bayan tiyata ku tambaya yaushe za a ci gaba, don nan ne ake dakatarwa a manta.

Gargaɗi: ba a yin wannan allurar a tsoka. Sauran allurai na ɗuwawu ma ku tuna wa nas cewa yana kan maganin. Ƙaho, tsaga da cire haƙori duk su jira.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani: yawancin hefarin da enoksafarin na duniya daga hanjin alade ake samo su. Wata allurar, fondafarinuks, mai suna Arixtra, haɗin ɗakin gwaji ce, haka ma ƙwayoyin, sai dai ba kowa suka dace da shi ba kuma ba ko'ina ake samu ba. Malamai da dama sun halatta irin wannan magani a halin lalura in babu madadi. Ku tambayi likita ko akwai madadin, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, amma ku yi a ranar, kada kwanaki su wuce mara lafiya ba kariya.

Mataki na 7: Dubawa safe da yamma

Ku yaye zane ku kwatanta ƙafafu biyu. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi? Akwai ciwo ko tauri a sharaɓa ko cinya? A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko sheƙi, don haka ku taɓa da bayan hannu ku ji wadda ta fi zafi. In kuna da tef, ku auna kaurin sharaɓa a wuri ɗaya a ƙafafun biyu. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin faɗa wa likita ne.

Ku duba alamun zubar jini kuma: haɓo, jini a dasashi ko fitsari, baƙin bayan gida, ɗinki mai tsattsafowa, ciwon kai mai tsanani, ko ƙafa ta mutu bayan allurar baya. Ɗan tabo a wurin allura ba komai ba ne. Tsakanin kwana na 4 da na 14 ana maimaita awon filatilet, musamman ga mai karɓar hefarin ta asali ko wanda aka yi wa tiyata, domin a wasu mutane maganin kansa yana faɗar da su.

Mataki na 8: In kun ga alama

Ku kira nas nan take, kada ku jira zagayen likitoci na safe. Kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza man zafi, kada a sa safa ko na'ura a ƙafar. Na san hannu da kansa yake kaiwa ga tausa in ƙafar uwa tana ciwo, amma matsawa na iya ɓallo gudan. Abin da ake buƙata shi ne hoton jijiyar ƙafa na dofla. In babu a asibitin, likita zai iya fara magani kafin a tura ku inda ake yi.

Numfashi sama-sama da ya zo farat ɗaya, ciwon ƙirji in an ja numfashi, bugun zuciya da sauri, tarin jini, jiri ko suma: wannan gaggawa ce. Ku ɗaga murya, ku jingina shi a zaune, kada ku bar shi ya taka ko'ina. Gudan jini da yawa ba sa kumbura ƙafa, sai dai a gan su a ƙirji, don haka ƙafa lafiya lau ba hujjar jinkiri ba ce.

Mataki na 9: Ranar sallama

Haɗarin yana bin mutum gida har kusan kwana 90. Kafin ku ɗaure kaya, ku sa likita ya rubuta ko za a ci gaba da magani da ranar dainawa. Bayan tiyatar ƙugu ko babbar tiyatar ciwon daji a ciki yakan kai kwana 28, bayan canza gwiwa kwana 14, bayan tiyatar haihuwa ta gaggawa kwana 10, ga mai jego mai babban haɗari kuma mako 6. Wanda zai yi allurar a gida ya yi sau ɗaya a gaban nas. Sirinjin da aka yi amfani da su a tara a roba mai kauri mai murfi, nesa da yara, a mayar asibiti.

In gida da nisa, kada a cusa shi a bayan mota cikin kaya awa huɗu ko biyar. A ba shi wurin miƙe ƙafa, a tsaya duk bayan awa ɗaya ko biyu ya taka. Kwana arba'in na jego su ne daidai lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa, saboda haka hutun mai jego ya haɗa da zagaya tsakar gida sau da yawa a rana da shan ruwa isasshe. Kada ta koma ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin sai ta je sashen tazarar haihuwa an zaɓa mata wadda ta dace. Wanda aka sallama da filasta a ƙafa ya riƙa motsa yatsu, in kuma ƙafar ta kumbura ko numfashi ya canza, a koma asibiti a ranar, a tafi da katinsa da ragowar maganin da takardar da kuka rubuta lokutan allura.